Juwan kilas na tsohuwar motar tsere: wanne za ka saya, kuma wa zai ɗaura maka?

Motar ta kawuna ce, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504 ce mai ƙofa biyu, ƙirar 1972, ba irin 504 ɗin da muka taso muka tarar tana jigilar fasinja tsakanin Tawa da Konni ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, an fara fito da irinta a 1969, kuma da ƴar'uwarta mai silinda shida Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya a 1978. Da aka raba gado ta faɗo a kasona, ta yi shekara huɗu a ƙarƙashin rumfa a Tawa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ranar da ta tashi kuwa, sai na yi abin da duk mai hankali zai hana ni: na kama hanyar Yamai da ita a watan Afrilu, da rana tsaka, tafiyar da ta haura kilomita 500.

Mun wuce Konni lafiya lau. Kafin Dogondutsi allurar zafi ta fara hawa, na ce bari in lallaɓa in kai gari. Lallaɓawar nan ce ta ci ni. Da na tsaya, lagireto yana ta ƙugi kamar tukunyar da aka manta a murhu, washegari kuma da na buɗe murfin man inji na tarar da wani abu fari-fari mai kauri manne a ƙarƙashinsa, kamar an dama kindirmo da ƙasa. Abin da makanikanmu ke kira juwan kilas, ƴan Kano da Katsina su ce gaskit, ya ƙone.

Sau biyu aka buɗe injin nan. Gyaran farko kwana tara ya yi. Na biyu yana nan har yau. Tsakanin biyun ne na koyi abin da zan faɗa, kuma mafi yawansa daga bakin wani dattijon makaniki na ji shi a nan Yamai, mutumin da ya koyi aiki a kan Peugeot 404 tun ni ba a haife ni ba.

Aikin juwan abu uku ne a lokaci guda. Yana tsakanin bulok, wato gangar jikin inji, da kilas, wato kan injin da ke rufe silinda, ya tare wutar da ke tashi a silinda, ya tare ruwan sanyaya inji, ya tare mai, kar ɗaya ya shiga hanyar ɗan'uwansa. Wahalarsa tana ƙaruwa idan kilas na alminiyam ne bulok kuma na baƙin ƙarfe, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Duk lokacin da inji ya yi zafi ya huce, fuskokin biyu suna gogar juna a kan juwan. Idan zafi ya wuce ƙima sau ɗaya tak, kilas ya lanƙwashe, shi ke nan.

Kafin ka sayi komai, ka tabbata juwan ɗin ne. Farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari daga salansa bayan inji ya ɗumama, kumfa da ke tasowa a bakin lagireto inji yana aiki, tiyon ruwa da ke taurare kamar an hura shi tun inji da sanyi, buji (fulogi) ɗaya da ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran suna da baƙi: duk alamu ne. Abin da ya fi su ƙarfi shi ne gwajin matsi. Idan silinda biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, juwan ya tsage a tsakaninsu. Akwai kuma wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin silinda yana shiga ruwa sai ya koma rawaya. Farin daskararren nan na murfin mai shi kaɗai ba hujja ba ne, motar da ta daɗe a ajiye ko take gajerun tafiye-tafiye tana iya yin sa.

Sannan ka san irin injin da ke gabanka, don zaɓin duka a nan ya rataya. Mai MG B, motar Ingila da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, yana cikin sauƙi: bulok baƙin ƙarfe, kilas baƙin ƙarfe, silinda a jikin bulok aka huda su. Ka kwance, ka goge, ka ɗaura. Mai Alfa Romeo Spider kuwa komai nasa alminiyam ne, kuma akwai wasu ƙananan zobba shida na roba da ke tare hanyoyin mai zuwa sama, in ɗaya ya goce za ka ga mai yana iyo a lagireto ko da sabon juwan ka sa. Peugeot tamu tana tsakiya: bulok baƙin ƙarfe, kilas alminiyam, inji a kishingiɗe gefe guda. Abin da Peugeot da Alfa suka haɗu a kai, kuma shi ne ya kashe gyarana na farko, shi ne shamis. Silindarsu ba a jikin bulok take ba, bututu ne da ake zurawa, ruwa yana zagaye shi, ƙasansa yana zaune a kan wani siririn zobe. Kilas ne ke danne shi. Ka ɗaga kilas, ba abin da ke riƙe shamis sai nauyinsa da tsatsa.

A garajin farko, yaran sun cire kilas, sai suka sa sifana suka juya inji don fistin ya hau sama su kankare masa baƙi. Ina tsaye ina kallo, har ina yaba musu tsabtar aiki. Ban san cewa da fistin ya hau, ya ɗago shamis ɗaya daga mazauninsa ba, datti ya shiga ƙarƙashi, zoben ƙasa ya mutu. Suka ɗauko juwan daga wata leda da ba ko suna a jikinta, suka shafe shi da jan silikon gaba da baya, suka zura bututu a sifana suka ɗaure ƙusoshi iya ƙarfinsu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Kwana tara ruwa ya sauka cikin mai.

Da na kai wa dattijon nan, bai ko taɓa motar ba sai da ya gama shayinsa. Ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Juwan ba ya ƙonewa don kansa. Kai ka zo mini da tambayar wanne za ka saya, ni kuma tambayata ita ce me ya ƙone na farko." Na ce, "Baba, zafi ne." Ya ce, "Zafin daga ina?" Ba ni da amsa. Daga baya muka tarar rabin hanyoyin lagireto sun toshe da farin gishirin ruwan rijiya, kalorsta kuma, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama, an cire shi tun zamanin kawu.

To, yanzu ga juwan ɗin kansu. Iri uku ne za a tallata maka.

Na farko shi ne na zare, wanda kowa ya sani: faranti siriri na ƙarfe a tsakiya, an lulluɓe shi da wani abu mai taushi gaba da baya, da zoben ƙarfe a bakin kowace silinda don tare wuta. Da irinsa motoci da yawa na shekarun 1960 da 1970 suka fito daga masana'anta. Falalarsa ita ce yafiya. Taushinsa yana shiga ƙananan ramuka da ƙarce-ƙarcen da shekara 50 ta bari a fuskar bulok, ya cike su. Bulok ɗin da ruwan rijiya ya ɗan ci bakin hanyoyinsa, kilas ɗin da aka aske da injin da wuƙarsa ta ɗan dakushe, duk juwan zare zai rufa musu asiri. A inji mai shamis ma ya fi dacewa, domin in shamis ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo da ɗan abin da ido ba ya gani, zoben wuta zai lotsa ya daidaita. Aibinsa biyu ne. Yana kwantawa bayan ya sha zafi, saboda haka da yawa daga cikinsu sai an sake ɗaure ƙusoshi bayan an yi ƴar tafiya, kuma mutanenmu ba sa komawa garaji in mota tana tafiya lafiya. Na biyu kuma, shi ne aka fi yin jabunsa. A kasuwar Turaku ta nan Yamai za a ajiye maka uku a kan benci, duk hudarsu ɗaya, farashinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Ka ɗauka ka duba zoben wuta: na kirki a naɗe yake sumul, ba gaɓa, ba ya motsi in ka tura shi da farce. Na banza za ka ga inda aka haɗa bakinsa, wani ma yana ɗagowa. Ka lanƙwasa kusurwa kaɗan, in ya fara ɓarewa kamar kwali, ajiye musu kayansu. Sunayen da aka sani a wannan fanni irin su Elring, Victor Reinz da Payen ne, amma suna a kwali ba ya nufin komai in kwalin ma buga shi aka yi, idonka ne zai raba gardama.

Akwai wani tarko da ya shafi masu Peugeot kaɗai. Injin 504 mai lita 1.8 faɗin silindarsa milimita 84 ne, mai lita 2 kuma 88. In mai shago ya miƙo maka na 84 ka ɗora a kan 88, zoben wuta zai leƙo cikin silinda, wuta ta riƙa cin sa kai tsaye. Ka je da tsohon juwan, ko ka je da ma'auni. Kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne, Alhaji".

Wani kuma zai ce yana da na asali, tsohon ajiya tun zamanin da kamfani ke aiko da kaya, a cikin takardarsa mai tambarin zaki. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, kuma in ya kwanta a shimfiɗe a wuri busasshe yana iya zama lafiya lau. Amma wanda ya shekara 30 a rataye a ƙusa a shagon kwano, zafin Yamai yana gasa shi, ya bushe ya lanƙwashe. Kuma ka sani yawancin na wancan zamani da asbestos aka yi su, zaren dutsen nan da ƙurarsa ke jawo cutar huhu da daji. Faransa ta haramta shi tun farkon 1997. Wannan ya shafi tsohon juwan da za ka kankare daga bulok ma: a jiƙa shi tukuna, kar a sa masa burushin waya mai lantarki, kar yaron garaji ya hure ƙurar da baki.

Na biyu shi ne na farin ƙarfe mai hawa-hawa, wanda ake rubuta wa MLS a kwali. Faranti ne sirara na ƙarfen da ba ya tsatsa, galibi uku ko fiye, an ɗora su a kan juna, na waje an yi musu ƴar ƙusumbi a kewayen kowace huda don su riƙa aiki kamar sifirin, an shafa musu roba siririya ƙwarai. Shi ne a cikin kusan duk motocin zamani. Ba ya kwantawa, ba ya neman a sake ɗaurewa, yana jure gogayyar alminiyam da baƙin ƙarfe fiye da kowanne, yana jure matsi mai yawa. Masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Turai da Amurka suna da shi a shirye na MG da Jaguar, ana kuma samunsa da kauri daban-daban. Duk wanda ya shiga intanet ya karanta zai fito da yaƙinin cewa shi ne maganin, ni ma haka na fito. Na je wa Baba da zancen cike da zumuɗi. Ya kama hannuna, ya ɗora farcen babban yatsana a kan fuskar kilas da aka dawo da shi daga aski, ya ja. Na ji ƙir-ƙir-ƙir, kamar ana jan tsinke a kan tabarma. Ya ce, "Ka ji wannan? Naka na zamani ba ya son jin wannan."

Gaskiyarsa ce. Robar da ke jikin MLS ba ta kai kaurin gashi ba, ba ta da abin da za ta cike rami da shi. Yana neman fuska mai santsi ƙwarai, wadda farce zai wuce bai ji komai ba, kuma fuska biyu: ta kilas da ta bulok. Ka aske kilas ka bar bulok yadda yake, rabin aiki ka yi. Aske bulok kuwa yana nufin sauke inji gaba ɗaya a warware shi. In ka ɗora MLS a kan tsohuwar fuska, wuta ba za ta wuce ba, amma ruwa zai riƙa tsattsafowa ta gefen bulok, ka ga wani layin tsatsa yana gangarowa, ko mai ya riƙa naso. Ka biya kuɗi ninki-ba-ninki, ka jira kaya makonni, ka ƙare da inji mai hawaye. A inji mai shamis abin ya fi tsanani, don dole tsawon da kowane shamis ya ɗara bulok da shi ya zo daidai da na sauran, tsawon da bai wuce kaurin takarda ba. A ganina MLS na mutum ɗaya ne: wanda ya sauke inji ƙasa, zai sake gina shi daga tushe, ya ga aikin mai askin da idonsa ya gamsu, musamman in ya ƙara wa injin ƙarfi. Wanda kilas kawai zai ɗaga, inji yana cikin mota, ya bar shi.

Na uku jan ƙarfe ne, kuma nan ana yawan rikicewa don iri biyu ne. Akwai na da, faranti biyu na jan ƙarfe da taushi a tsakiya, wanda tsofaffin motocin Ingila da yawa suka zo da shi. Wannan ɗan'uwan na zare ne, halinsu kusan ɗaya, yana son a sake ɗaure shi. Akwai kuma jan ƙarfe zalla, faranti guda da ake yankawa. Shi ne ke jan hankalin mutanenmu, don duk wanda ya ga abin da maƙeran kasuwar Katako ta Yamai ke fitarwa daga tarkacen ƙarfe ya san za a iya yanka maka shi a yini ɗaya in ka kai samfuri. Ba ya ƙonewa, ana iya gasa shi har ya yi ja a sake tausasa shi a mayar. Masu tsere suna son sa, amma su suna yanka ƴar kwata a kewayen silinda su kwantar da waya a ciki don ta cije jan ƙarfen, kuma suna buɗe injinsu a kai a kai. Ba tare da wayar nan ba riƙonsa na wuta ba shi da tabbas, wajen tare ruwa da mai kuwa shi ne mafi rauni cikin ukun, sai an taimaka masa da man shafawa na musamman. Ga motar da za ka fita da ita yawon Lahadi ka dawo ka rufe, wahala ce. Wuri ɗaya na yarda da shi: motar da juwanta ya ɓace a duniya, babu a Kwatano, babu a Kano, babu a intanet. A nan, da babu gara ba daɗi.

Ruwan kwalba da ake zubawa a lagireto wai ya liƙe tsaga ba tare da an buɗe inji ba, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Yana iya kai ka gida daga daji. Yana kuma iya toshe sauran hanyoyin tsohon lagireto da suka rage. Motar da kake so ba a yi mata haka.

Zaɓi na biyu, wanda ya fi na juwan cin kuɗi, shi ne abin da za a yi da kilas. A wanke shi tas, a ɗora masa rula ta ƙarfe madaidaiciya a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura siraran ganyen awo a ƙarƙashi. Yawancin littattafan injuna masu silinda huɗu suna tsayar da iyakar lanƙwasa tsakanin milimita 0.05 da 0.10, ka duba na motarka. In bai kai iyaka ba kuma fuskar ba ta ci ba, kar a aske. Akwai makanikan da duk kilas da ya sauka sai sun aika shi aski, kamar an haifi jariri. Kowane aski yana rage ɗakin wuta, matsi ya ƙaru, kuma injin da matsinsa ya ƙaru ba ya shiri da fetur ɗin ruwa-ruwa na kwalba da ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Zai fara ƙwanƙwasa a hawa, ƙwanƙwasar nan kuma ita ce ke farfasa zoben wuta. Ka ga an koma gidan jiya. A injuna masu kam (sandar da ke buɗe bawul) a sama irin na Alfa da Jaguar, aski yana kuma sassauta sarƙa ya ɗan karkatar da lokacin buɗewar bawul. Kilas mai shekara 50 da wuya a ce ba a taɓa aske shi ba, saboda haka a auna tsayinsa a gwada da mafi ƙarancin da littafi ya yarda. In ya kusa iyaka, juwan mai kauri yana iya mayar da abin da aka ci.

Ko a sayi kilas na hannu? Ga mai 504 abin yana da jan rai, don Turaku cike take da gawarwakin Peugeot, ga kuma waɗanda aka harhaɗa a Kaduna tun 1975 da kayansu ke tsallako iyaka. Amma kilas ɗin da ke kwance a ƙasa a kasuwa, wani dalili ne ya sauke shi daga motarsa, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Tsaga tsakanin mazaunin bawul da ramin buji ba a ganinta sai an wanke, wata ma sai an toshe hanyoyin ruwa an hura iska an tsoma shi a ruwan zafi. Kuma mai ƙofa biyu ta 1972 da allurar fetur ta Kugelfischer ta zo, kilas ɗinta ba ɗaya yake da na tasi mai kafireto ba. Ni dai ra'ayina, naka da ka san tarihinsa, in bai tsage ba, ya fi na wani. In dole ce ta sa ka saya, ku yi sharaɗi da mai kaya a gaban shaida cewa in gwaji ya nuna tsaga za ka mayar.

Saura wanda zai ɗaura. Ba zan ce kowa ya yi da kansa ba. Mai MG da ke da haƙuri da littafi da inuwa zai iya a kwana biyu. Mai shamis kuwa, in bai taɓa gani an yi ba, ya nemi wanda ya taɓa. Amma ba girman garaji ake dubawa ba. Garajin da ke da kwamfutar duba motocin zamani yana iya rasa mutum ɗaya da ya taɓa ganin shamis. Tambaya uku sun isa ka gane makaniki. Ka ce ya nuna maka sifanarsa mai awo, wadda ke yin ƙas in ƙusa ta kai ƙarfin da aka sa mata. Ka tambaye shi daga ina yake fara ɗauri, amsar ita ce daga tsakiya, yana zagayawa zuwa waje, a hawa biyu ko uku, kwancewa kuma daga waje zuwa ciki, inji da sanyi. Ka tambaye shi me zai yi wa shamis in ya ɗaga kilas. In ya ce "ba komai", ka yi masa sallama cikin mutunci.

Na ga yadda Baba ya yi. Bai ɗaga kilas sama kai tsaye ba, sai da ya girgiza shi gefe da gefe har ya saki, don kar ya taso da shamis a manne. Yana sauke shi ya ɗauko wasu manyan wasa (zobban ƙarfen da ake sa wa ƙusa) da guntayen bututu, ya mayar da ƙusoshi ya danne bakin shamis da su, sannan ya ce wa yaronsa, "Wanda ya taɓa mini injin nan ya juya, ya nemi wani ubangidan." Tunda yaran garajin farko sun riga sun ɗaga ɗaya, dole aka zare duka huɗun aka sake zobban ƙasa, aka auna tsawon kowanne. Ya bi ramukan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya da tsumma a kan waya, yana tsotse ruwa da man da suka taru a ciki, don ƙusar da ta sauka a kan ruwa za ta nuna ta ɗauru alhali ba ta danne komai ba, wani lokaci ma ta fasa bulok. Ya jera ƙusoshin a kan benci, ya mirgina kowacce ya ga ko ta lanƙwashe, ya duba ko wuyanta ya sirance. Biyu ya jefar. Tsofaffin injuna da yawa ana mayar da ƙusoshinsu in suna da lafiya, amma in littafinka ya ce bayan awo a ƙara juyi na kusurwa kaza, ka bincika ko irin masu miƙewa ne da ba a maimaitawa. Juwan kuwa a bushe ya ɗora shi, ba silikon, ba giris, bayan ya duba gefen da aka rubuta sama. Na ce, "Baba, ko ɗan shafi kaɗan?" Ya ce, "In fuska ta yi kyau ba ta son kwalliya, in ba ta yi ba kwalliya ba ta gyara ta."

Juwan zare na saya, na kirki. Kuɗin da na yi niyyar zubawa a MLS ya tafi wajen sake wa lagireto ciki, sabon famfon ruwa, sabon murfi da kalorsta. A kan kalorsta mun yi ƴar gardama da wani maƙwabcin garajin da ya rantse cewa a ƙasar zafi cire shi ake yi. Ba haka ba ne. Shi ke sa inji ya ɗumama da wuri ya tsaya a zafi ɗaya, kuma hawa da saukar zafi ne ke gajiyar da juwan. Murfin lagireto ma ba ado ba ne: ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin matsin bar ɗaya sai ya kai wajen 120. Tsofaffin motoci da yawa murfinsu bai kai bar ɗaya ba, ka sa wanda littafi ya ce, kar ka ƙara don tsohon lagireto ba zai ɗauka ba. Ruwan sanyaya inji mai launi kuma, mutane suna cewa ai na ƙasar ƙanƙara ne, mu me ya haɗa mu da shi. Abin da ya haɗa mu shi ne maganin tsatsa da ke cikinsa. Ruwan famfo zalla a tsakanin alminiyam da baƙin ƙarfe yana cin alminiyam ɗin a hankali, daidai bakin hanyoyin ruwa inda juwan ke zama.

Da na zo ɗaukar mota, Baba ya rubuta lambar kilomita a kan guntun kwalin siga ya liƙa mini a gaban sitiyari, ya ƙara 1000 a kai. Ya ce in ta kai, in kawo ta da yamma ta kwana a wurinsa, don kilas na alminiyam da sanyi ake sake ɗaure shi. Na yi mako shida kafin in cika, ina zuwa Dosso ina dawowa da sassafe. Ranar da na kai, bayan sallar asuba ya buɗe murfin sama, ya bi ƙusoshin bisa tsari, kowacce ya ɗan sassauta ta sannan ya mayar da ita kan awo. Na tsakiya biyu sai da suka wuce inda suke da farko da abin da ido ke gani kafin sifana ta yi ƙas. Ya dube ni bai ce komai ba, ya miƙa wa yaronsa hannu a ba shi ganyen awo, don ɗaurin ya taɓa tazarar bawul, sai an sake daidaita takwas ɗin duka.